Bayanin Riga Mai Lantarki, Da Abin Da Ya Kamata Mai Saye Da Mai Sayarwa Su Sani

Wannan bayani ne a kan wata sabuwar sana'a da masu hikimar zamani suka ɗauko, watau shigar da kayan lantarki a cikin tufafin sawa, har ya zamana riga tana jin taɓi, tana ƙirga bugun zuciya, tana ɗumama mai ita. An rubuta shi domin malamai, waɗanda jama'a ke kawo wa tambaya a kan kowane baƙon abu, da kuma 'yan kasuwa, waɗanda ta hannunsu baƙon abu ke shigowa gari.

Labarin kwat ta dala 350

A watan Satumba na shekara ta 2017 waɗansu manyan kamfanoni biyu na Amurka, Google da Levi's, suka haɗa kai suka fito da wata kwat. Na farkon su ne masu harkar intanet, na biyun kuwa tsofaffin maɗinka ne, tun ƙarni na 19 suke ɗinka wandon jins. Ga ido, kwat ɗin ba ta da bambanci da 'yan'uwanta. Amma a bakin hannunta na hagu an saƙa waɗansu zaruruwa masu ɗaukar lantarki a tsakanin zaren auduga, aka kuma yi mata wata 'yar na'ura da ake maƙalawa a cire. Idan mai rigar yana bisa keke, wayarsa tana aljihu, sai ya shafi hannun rigar ko ya ɗan buga shi, wayar ta amsa. Da haka zai ɗauki kira, ko ya sauya abin da yake saurare, ko a faɗa masa kwanar da zai bi, ba tare da ya ciro wayar ba.

Kuɗinta dala 350. Masu ita suka ce an yi ta ne ta jure wanki har sau 10, bisa sharaɗin a cire 'yar na'urar tukuna. Jaridu suka yi ta yayata ta. To, bayan shekara biyar da wata bakwai, a watan Afrilu na 2023, Google ya rufe manhajar da ke sada rigar da waya. Zare bai tsinke ba, yadi bai yage ba, amma hikimar da aka biya kuɗi dominta ta tafi tare da manhajar, rigar ta koma kwat kamar kowace.

A cikin wannan labari akwai dukan mas'alar. Tufa da na'ura ɗabi'arsu ta saɓa. Tufa ana naɗe ta, a wanke ta, a matse, a shanya, a goge, ta yi shekaru, wani lokaci ma jika ya gaji alkyabbar kakansa. Na'ura kuwa ba ta son lanƙwasa, ba ta son ruwa, ba ta son zafi, kwananta kuma kaɗan ne. Duk wahalar wannan sana'a tana wajen sulhunta waɗannan biyu ne.

Dangantakar masaƙa da kwamfuta

Abin mamaki shi ne, saƙa da kwamfuta dangi ne tun asali. A birnin Liyon na Faransa, a shekara ta 1804, wani mutum mai suna Joseph Marie Jacquard ya kammala wata dabara ta masaƙa. Kafin shi, in za a saƙa yadi mai zane, sai an ajiye yaro kusa da masaƙi yana jan igiyoyi, yana ɗaga zaren wadari bisa yadda zanen ya nema. Jacquard ya sa katuna masu huji a madadin yaron, aka jera su kamar sarƙa. Inda akwai huji, ƙugiya ta ɗaga zare. Inda babu, zare ya kwanta, sa'an nan ƙoshiya ta wuce da abawa. Shaddar da ake sayarwa a Kantin Kwari na Kano, irin ta Getzner da ake yi a Ostiriya da waɗansunta, furannin jikinta da wannan irin masaƙa ake fito da su, ko da yake yanzu kwamfuta ce ta karɓi aikin katunan. Sunan wannan mutum Google ya sa wa aikin rigarsa.

Bayan shekara talatin da 'yan kai, wani masanin lissafi na Ingila, Charles Babbage, ya ari dabarar katin ya sa ta cikin tsarin injin lissafin da ya zana. Bai rayu ya ga an ƙera injin ba, amma wannan ƙa'ida ta akwai huji ko babu huji, ita ce ƙa'idar 1 da 0 da kowace kwamfuta ke aiki da ita.

Har wa yau, kumbon Apollo da ya kai Amurkawa bisa wata a shekara ta 1969, umarnin kwamfutarsa saƙa shi aka yi. Mata ma'aikata a masana'antar Raytheon, a jihar Masacusets, suka zauna makonni masu yawa suna zura siririyar waya a tsakanin ƙananan zobba na maganaɗisu. In waya ta bi ta cikin zobe, 1 ke nan. In ta kewaye shi, 0 ke nan. Kuskure ɗaya, sai an warware an sake.

Rukunai huɗu

Kowace riga mai lantarki tana tsaye bisa rukunai huɗu.

Na farko, hanyar wuta, watau zare mai ɗaukar lantarki. Akan yi shi da zaren nailan da aka shafa wa azurfa, ko da ƙarfe maras tsatsa da aka ja har ya fi gashin kai siranta aka murɗe shi, ko da jan ƙarfe. Saka ƙarfe cikin zare tsohon abu ne, kowa ya san zaren zinariya da na azurfa da ake yi wa alkyabbar sarakuna ado da shi. Sabon abu dai shi ne, dā ƙyalli ake nema gare shi, yanzu aiki.

Na biyu, ma'auni, watau abin da ke ji. Zuciya duk sa'ad da ta buga tana fitar da ɗan lantarki, wanda in ya iso fata bai wuce kamar kashi ɗaya cikin dubu na bolt ɗaya ba, alhali batirin tocila bolt 1.5 ne. Sai a saƙa facin zaren azurfa a cikin rigar daidai ƙirji, ya manne da fata ya tsinto shi. Numfashi kuwa da wani ɗamara mai talewa ake auna shi, domin in ƙirji ya buɗe ya ja zaren, yadda wuta ke bi ta cikinsa yakan sauya. Taɓi kuma ƙa'idarsa ɗaya da ta fuskar wayar hannu: jikin mutum yana ɗaukar lantarki, da yatsa ya kusanci zaren sai a ji sauyi. Rigar ɗumi ita ce mafi sauƙi. Ana shimfiɗa zaren kabon, dangin gawayi, wuta ta sha wuya wajen ratsa shi, wuyar nan ta zama zafi, kamar yadda dutsen guga na lantarki ke yi.

Na uku, 'yar ƙwaƙwalwa, wadda ke karɓar abin da ma'auni ya ji, ta lissafa, ta aika wa waya ta iska. Na huɗu, batir. Waɗannan biyu na ƙarshe su ne masu tauri, su ne kuma ba su shiri da ruwa.

Hanyoyin haɗa su da yadi kuma huɗu ne. Ko a saƙa zaren tun a masaƙa, ko a ɗinka shi bisa yadi kamar aikin wuyan riga, ko a buga hanyar wutar da tawada mai garin azurfa bisa siririyar roba a manna ta da zafi, yadda ake manna lamba a rigar 'yan ƙwallo. Masu bugawa sukan yi layin a karkace kamar sawun maciji, domin in an ja yadin layin ya miƙe maimakon ya tsinke. Ta huɗu ita ce a sa na'urar a cikin zaren kansa. A makarantar MIT ta Amurka, Farfesa Yoel Fink da almajiransa sukan jera kayan a cikin wani dunƙulen roba, su gasa shi, su ja shi kamar yadda ake jan alewa, har ya zama zare mai tsawo, kowane abu yana nan a mazauninsa.

Hanyar ɗinki ita ce ta fi kusa da talaka. A shekara ta 2007 wata malama, Leah Buechley, sa'ad da take Jami'ar Kwalarado, ta fito da wata 'yar ƙwaƙwalwa da ta kira LilyPad. Kewayayya ce, faɗinta kamar santimita 5, an yi mata huji-huji a baki domin allura. Ba walda, ba dalma, da zare mai lantarki ake ɗinke ta a jikin yadi. Duk hannun da ya iya aska takwas a babbar riga, wannan ɗinki ba zai gagare shi ba, sai dai a koya masa ƙa'idar wuta.

Abokan gaba

Abokin gaba na farko shi ne lanƙwasa, an kuwa san sharrinsa tun Yaƙin Duniya na Biyu. Jiragen Amurka masu jefa bom bisa Jamus suna tashi sama kamar ƙafa 25,000, inda sanyi kan kai digiri 40 ƙasa da daskarewar ruwa, masu harbi kuma suna tsaye bakin taga a buɗe. Sai kamfanin General Electric ya ɗinka musu wata riga shuɗiya mai haɗe da wando, an bi cikinta da waya, ana jona ta da lantarkin jirgi. Amma wayar hanya ɗaya aka yi mata. In ta karye a gwiwa ko a gwiwar hannu, inda ake yawan lanƙwasawa, dukan rigar ta huce nan take, mutum yana sama, ba damar sauka. Sojoji da yawa sanyi ya cinye musu yatsu. Sai da aka sake tsari, aka raba wayar hanyoyi da yawa, domin in ɗaya ta mutu sauran su ci gaba da aiki.

Na biyu, wanki. Injin wanki yana murɗa, yana goga, sabulu yana kankare shafen azurfa kaɗan-kaɗan. Zaren yana nan ga ido, amma wuta ba ta bi sosai, awo ya fara ƙarya. Awon ƙarya kuwa a wajen mai ciwon zuciya ya fi rashin awo haɗari.

Na uku, gumi. Gumi ruwan gishiri ne, yana cin ƙarfe, yana kuma ɗaukar lantarki. In ya jiƙa tsakanin zare biyu da ba a lulluɓe ba, sai wuta ta yanke hanya ta bi inda ba a aike ta ba.

Na huɗu, mahaɗa, watau wurin da zare mai laushi ya gamu da na'ura mai tauri. Nan ne aka fi samun karaya. Ba a iya liƙe su da narkakkiyar dalma yadda mai gyaran rediyo ke yi, domin zafin yana ƙone zaren roba. Saboda haka masu sana'ar da yawa suka koma ga maɓallan ƙarfe irin waɗanda ake dannawa su kama, ko maganaɗisu. Aka bar zare da ma'auni a jikin riga, aka tara ƙwaƙwalwa da batir a cikin ɗan akwati da ake cirewa ranar wanki. Sulhun da aka samu ke nan: kowa da ɗakinsa.

Inda aka ga amfani

Duk da haka sana'ar ta yi rana a wuraren da bukata ta kai bukata. A shekara ta 1996, a makarantar fasaha ta Jojiya a Amurka, Farfesa Sundaresan Jayaraman ya fara aikin wata 'yar ciki domin sojoji. An saƙa mata zaren da haske ke bi ta cikinsa. In harsashi ya huda rigar, haske ya yanke daidai wurin, sai likita ya san inda raunin yake da yadda zuciyar soja ke bugawa tun bai iso gare shi ba.

A shekara ta 2019 ɗan sama-jannatin Kanada, David Saint-Jacques, wanda shi kansa likita ne, ya sa wata riga da masu kamfanin Hexoskin na birnin Mantiriyal suka yi, yana cikin tashar sararin sama, kamar kilomita 400 bisa ƙasa. Rigar tana auna zuciyarsa da numfashinsa da zafin jikinsa, yana aiki ko yana barci, ana aiko da awon ƙasa.

A Afirka ma an taɓa. Waɗansu matasa da suka yi karatu a Jami'ar Makerere ta Yuganda, cikinsu akwai Olivia Koburongo da Brian Turyabagye, sun ƙirƙiro wata 'yar riga mai suna MamaOpe domin gane ciwon nimoniya ga yara. Ana sa wa yaro ita, ta auna zafin jikinsa da saurin numfashinsa, ta saurari ƙarar huhunsa, ta aika wa wayar ma'aikacin lafiya. Dalilinsu shi ne, sau da yawa akan ɗauki wannan ciwo a matsayin zazzaɓin cizon sauro, a yi ta ba da maganin da ba shi ne ba har lokaci ya ƙure. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekara ta 2019 nimoniya ta kashe yara 'yan ƙasa da shekara biyar kimanin 740,000, Nijeriya kuwa tana cikin ƙasashen da suka fi yin asara. A shekara ta 2017 aka sa wannan riga cikin jerin ayyukan da aka zaɓa domin kyautar injiniyoyin Afirka da wata cibiyar injiniyoyi ta Ingila ke bayarwa.

Bincike kuma bai tsaya ba. A shekara ta 2021 masana a Jami'ar Fudan ta birnin Shanghai, a ƙasar Sin, suka saƙa wani yadi dogo siriri kamar rawani, tsawonsa mita 6, faɗinsa santimita 25. Zaren wadarinsa mai ba da haske ne, abawarsa mai ɗaukar lantarki, duk inda suka giɓta juna sai ɗigon haske ya fito, har kimanin ɗigo 500,000. Ana iya nuna rubutu a jikinsa, suka ce kuma ya jure wanki 100. A shekara ta 2022 mutanen Farfesa Fink suka nuna riga mai zare guda ɗaya wanda ke jin sauti, har ya ɗauki ƙarar bugun zuciyar mai ita. Sai dai a sani, abin da ya yi aiki a ɗakin gwaji daban, hajar da za ta jure rana da ƙura da wankin hannu daban. Ba girin-girin ba, ta yi mai.

Tambayoyi biyar kafin a zuba jari

Ɗan kasuwar da ya je sarin kaya ƙasar Sin ko Dubai, ya ga rigar ɗumi ko hula mai fitila ko 'yar ciki mai awon zuciya, ya kamata ya nemi amsar tambaya biyar kafin ya buɗe jaka.

Ta farko: wanki nawa za ta jure, kuma wane irin wanki? A ƙasar Hausa tufa tana shan cuɗa da matsa da sitati da dutsen guga mai gawayi, babbar riga kuma har mabuga takan je. Zaren lantarki ba zai fito daga ƙarƙashin bugu da rai ba.

Ta biyu: batir da ƙwaƙwalwa suna ciruwa? In an ɗinke su ciki, ranar da batir ya mutu ranar rigar ta mutu. Batirin kuma galibi na litiyam ne, irin na wayar hannu, wanda in ya huje ko ya sha zafi ƙwarai yakan kumbura ya kama da wuta. Wannan ne ya sa kamfanonin jiragen sama ba su yarda a sa batirin ajiya cikin kayan da ake lodawa a cikin jirgi, sai a jakar hannu. Abin da ake yi wa wannan tsaro, bai kamata a jibge shi a shago mai rufin kwano a watan bazara ba.

Ta uku: rigar tana aiki da kanta, ko sai da manhajar wani kamfani? Rigar ɗumi mai maɓalli guda ba ta bukatar kowa. Amma wadda ba ta motsi sai da izinin wani ofis a wata ƙasa, ranta yana hannun ofishin, kamar yadda masu kwat ta dala 350 suka gani.

Ta huɗu: wa zai gyara? Maɗinki bai san wuta ba, mai gyaran waya bai san allura ba. Hajar da ba ta da mai gyara a gari, mai saye ɗaya in ya ƙone ya ishi shago ya yi kwantai.

Ta biyar: awon jikin mutum ina yake zuwa? Riga mai auna zuciya da barci tana tara sirrin lafiyar mai ita, sau da yawa kuma a rumbun kamfani ake ajiye shi. Ya kamata mai saye ya san wa ke gani.

Ga malamai kuma akwai abin dubawa. Sanannen abu ne a babin ciniki cewa mai sayarwa ba ya ɓoye aibin haja. To, ga haja wadda ba ta da aibi ranar ciniki, amma an san amfaninta yana rataye da iyakar wanki, ko da kwanakin batir, ko da ganin damar wani na uku wanda ba ya wurin cinikin. Mafi ƙarancin abin da adalci ya nema shi ne a gaya wa mai saye wannan a fili, kafin ya miƙa kuɗi.

Sauran magana ita ce ta ƙarshen rigar. Hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya sun ƙiyasta cewa a shekara ta 2022 duniya ta zubar da tarkacen kayan lantarki tan miliyan 62, abin da aka tattara aka sake sarrafawa bisa ƙa'ida bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Tsohuwar waya ana iya farke ta a ware ƙarfe daga roba, amma azurfar da aka saƙe da auduga raba su wuya ne. Tsofaffin tufafin Turai da Amurka kuwa an san inda da yawansu ke ƙarewa, watau cikin dilolin gwanjo na kasuwannin Afirka. Saboda haka mai buɗe dila, in ya ji wani abu mai tauri a ɗinke cikin kwat, ya duba shi da kyau kafin ya miƙa ta ga mai wanki da guga.

Alhasili, masu hikima sun iya sa zare ya ji, ya yi haske, ya ba da ɗumi, kuma inda rai ke cikin haɗari, kamar soja a fagen fama ko yaro mai ciwon huhu, amfanin ya cancanci wahalar. Abin da ba su kai ga iyawa ba tukuna shi ne su ba na'ura tsawon ran tufa. Kafin su kai, mai saye ya kimanta kuɗin rigar da kwanakin na'urar da ke cikinta, mai sayarwa kuma ya faɗi kwanakin nan da bakinsa.

Iyakar bayani ke nan.